An hana mu ganin Gwaggo bayan na ga gyambo a jikinta

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Gwaggona ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta da ɗa, sai muka kai ta wani gidan kula da tsofaffi mai zaman kansa, muna biya duk wata. Ranar Asabar na ɗaga zaninta na ga gyambo a ƙugunta, shimfiɗarta kuma sai zarnin fitsari. Da na yi magana, shugabar gidan ta ce daga yau ranar Lahadi kawai za mu riƙa zuwa. Ina tsoron in matsa su huce a kanta. Yaya zan yi?
Daga wata 'yar'uwa, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Wannan gyambon kwanciya ne, kuma ya ishe ki shaida. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, ana juya shi kusan duk bayan awa 2, a canza masa shimfiɗa da zarar ta jiƙe. In aka bar shi a ɓari ɗaya, nauyinsa sai ya danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin, fatar ta mutu ta buɗe. Ki duba mata dugadugai da ƙasan baya ma. Irin wannan gyambo yana ci har ƙashi, don haka likita ya gan ta a makon nan.

Sannan ki zauna kusa da Gwaggo ki tambaye ta da kanta: ana yi mata wanka? Tana ƙoshi? Can take son zama? Ciwon bai ƙwace mata ikon faɗin abin da take so ba. In ta yarda, ki ɗauki hoton gyambon, ki rubuta kwanan wata.

Ki kai wa masu gidan ƙorafinki a rubuce, ki riƙe kwafi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kowa damar kai ƙorafi kan yadda aka kula da shi a wurin jinya, a kuma bincika. In sun yi kunnen uwar shegu, ki nufi Ma'aikatar Lafiya ta jiha, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, inda ba a biyan ko sisi.

Batun Lahadi kuwa, shi ya fi ɓata min rai. Kuɗinku ne, gwaggonku ce. Tsoronki na fahimce shi, amma tsohuwar da ba a leƙawa ita aka fi wulaƙantawa. Ku raba kwanakin mako tsakaninku, wani ya je da sassafe kafin a gyara ɗaki. In suka tare ƙofa, ku ɗauke ta.