In sayi monita, ko allon laftof ɗina ya isa?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a ABU, Samaru, ina rubuta furojet. Allon laftof ɗina inci 14 ne, ga Word, ga burauza, ga takardun PDF birjik, komai ya cakuɗe. In tara kuɗi in sayi monita?

Amsa: Malama, dakata da sayen tukuna. Tun Windows 10 da ta fito a 2015, kina iya buɗe teburin aiki fiye da ɗaya a allo guda, kyauta. Danna maɓallan Windows, Ctrl da D tare, sabon tebur zai fito wayam. Windows da Ctrl da kibiyar hagu ko dama za su riƙa kai ki daga wannan zuwa wancan. Windows da Tab kuma su nuna miki dukkansu, a nan za ki ja taga, wato manhajar da kika buɗe, ki jefa ta teburin da kike so.

Uku sun ishe ki: Word a na farko, PDF a na biyu, burauza da WhatsApp a na uku, can nesa da idonki. Sun wuce huɗu, sai ki koma neman inda kika ajiye abu. Kada ki ji tsoron rufe tebur da Windows, Ctrl da F4, aikinki ba zai ɓata ba, tagoginsa na komawa teburin da ke kusa ne.

Amma fa tebur ba ya ƙara wa kwamfuta ƙarfi, duk RAM ɗaya suke sha, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe ayyukan da ke buɗe. Danna Ctrl, Shift da Esc ki duba RAM ɗin. Idan 4GB gare ki kuma kullum a cike yake, gara kuɗin su tafi wajen mayar da shi 8GB. Mai gyara ya fara duba nau'in RAM ɗin, ko DDR3 ne ko DDR4, domin ba sa shiga gurbin juna, wasu laftof ɗin ma a manne RAM ɗinsu yake.

Monita na da rana idan dole ki riƙa kallon abu biyu lokaci guda, kamar kwafar alƙaluma daga Excel. Sai dai soket take buƙata, an ɗauke wuta ta mutu, ga kuma duba wace wayar haɗi laftof ɗinki ke karɓa, HDMI ko VGA.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a Sabon Gari. In ɓoye lissafin shago a tebur na biyu don kada yara su gani?

Amsa: A'a, Alhaji, wannan labule ne, ba ƙofa ba. Duk yaron da ya danna Windows da Tab ya ga komai, kuma fayilolin da ke kan fuskar kwamfutar iri ɗaya ne a kowane tebur. Shiga Settings, sashen Accounts, ka buɗe wa yaran nasu asusun wanda ba na mai gudanarwa ba, naka ka sa masa kalmar sirri. Za ka tashi sallah, danna Windows da L ka kulle.