Sayen daji don katako: ƙasa daban, izinin sare itace daban

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwar katako ne a Na'ibawa, Kano. Wani dillali ya yi min tallan daji hekta 200 a yankin Bali ta jihar Taraba, cike da madobiya da kawo da maɗaci. Ya nuna min takardar ciniki mai hatimin dagaci, ya ce da zarar na biya sai in kai masu inji. Har na ba da kafin alƙalami. Me doka ta ce?

Amsa: Alhaji, ka dakata da cikon kuɗin nan tukuna. Dillalin ya haɗa maka abu biyu a ciniki ɗaya, alhali hukumomi biyu ne ke riƙe da su: ƙasar, da izinin sare abin da ke kanta.

Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum ke samu haƙƙin zama ne da amfani. A karkara ƙaramar hukuma tana iya ba da wannan haƙƙi don noma har zuwa hekta 500, abin da ya haura haka sai da yardar gwamna. Idan mai haƙƙin zai sayar maka, sashe na 21 ya ce sai ƙaramar hukuma ta amince. Idan kuma takardar shaidar mallaka ta gwamna ke hannunsa, sashe na 22 ya ce sai gwamna ya sa hannu. Cinikin da ya tsallake wannan, sashe na 26 ya mayar da shi banza. Hatimin dagaci shaida ce mai amfani cewa an yi magana a gabansa, amma ba ya tsayawa a madadin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne inda dajin yake. Bali tana maƙwabtaka da Gashaka, inda gandun dajin tarayya na Gashaka Gumti yake, ban da gandayen da jiha ta keɓe da burtalan makiyaya. Daji mai kauri da ya tsira har yau da manyan bishiyoyi, sau da yawa dalilin tsirarsa shi ne hukuma ta keɓe shi. Idan haka ne, babu wanda ke da ikon sayar maka da ko taku ɗaya, kuma ranar da injinka ya yi ƙara a ciki, kai za a kama, ba dillali ba. Idan kuwa dajin gari ne ko na gado, sai shugaban dangi da manyan magada sun yarda tare.

Ko da ƙasar ta zama taka halak malak, sare itacen katako yana buƙatar izini daga sashen gandun daji na jihar, da biyan kuɗin kowace bishiya, da tambarin da malaman daji ke bugawa a jikin gungume kafin a loda shi a mota. Madobiya kuwa, wadda 'yan katako ke kira Madrid, lamarinta ya fi tsanani. A 2016 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya zuwa ƙetare saboda irin sarar da aka yi mata don kaiwa Sin. Kada ka gina lissafinka a kanta.

Ga abin da zan ba ka shawara. Ka ɗauki safiyo mai lasisi ya auna iyakokin, a kai taswirar zuwa ma'aikatar filaye da sashen gandun daji a Jalingo, su tabbatar a rubuce cewa wurin ba ya cikin gandu, kuma a halin yanzu ana ba da izinin sara a yankin, don gwamnatocin jihohi sukan dakatar da shi. Idan wurin ya fita fes, a rubuta yarjejeniyar da ta ce cikon kuɗi sai bayan amincewar hukuma. Idan itacen kawai kake so, neman izinin sare bishiyoyi ƙidayayyu ya fi maka sauƙi da sayen daji sukutum.

Ni dai na fi karkata ga ka sayi gona mai takardu ka dasa tik ko malaina ko maɗaci da kanka. Tik yana cin shekara 20 ko fiye kafin ya isa sara, gaskiya ne. Amma in gwamnati ta karɓi filin don amfanin jama'a, sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa ya tanadi biyan diyyar abin da ka kashe wa kuɗi da ƙarfi, bishiyoyin da ka dasa suna ciki.

Batun kafin alƙalami: idan bincike ya nuna mai sayarwa ba shi da ikon sayarwa, kana da haƙƙin karɓar kuɗinka, ko da ta kotu ne. Amma in ka janye haka kawai ba dalili, yana iya riƙewa. Saboda haka ka adana rasit da duk saƙonnin da kuka yi, kuma kada ka furta cewa ka fasa sai sakamakon binciken ya zo hannunka.