Filin Tambaya da Amsa: Mitar Dashbod Ta Ɗauke, In Canza Ko In Gyara?

TAMBAYA: Slm Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina da Corolla 2005 'yar Amurka, wata biyu kenan mitar dashbod ɗina take min wasa, in na faɗa rami sai alluran duka su zube ƙasa can kuma su dawo, to shekaranjiya ina saukowa daga gadar Kwangila ta ɗauke gaba ɗaya, ba gudu ba gejin mai ba na zafi, amma motar tana tafiya abinta. Na kai wa wani mai wayarin ko buɗewa bai yi ba yace sai dai a sayo wata Baljiyam. Tsorona biyu, ance in aka canza mitar, motar zata iya ƙin tashi, kuma ance lambar tafiyar da tayi zata canza. Menene gaskiya?

Mai karatu daga Hanwa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin a kai ga tsoronka, ni abin da ya tsaya min a rai shine wannan "ko buɗewa bai yi ba". Mita fa ba ita ke ƙirƙirar labari ba, 'yar rahoto ce, abin da aka aiko mata shi take nunawa, gejin mai yana jiran saƙo daga wata 'yar kumbo mai yawo a saman fetur cikin tanki, na zafi yana jiran sanso da ke jikin inji, gudu kuma daga giya ko daga ƙafafun mota. Da allura ɗaya ce ta kwanta da sai ince a bi wayarta zuwa inda saƙon ke fitowa. Amma taka duka suka zube lokaci guda, kuma sai an faɗa rami, wannan kam yafi kama da wuta ce ke yankewa, ko soket na baya ya saki, ko wayar as (wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota) ta yi tsatsa, ko kuma dalmar da ke jikin allon ciki ta tsage saboda jijjiga da zafin ranar da dashbod ke sha. Duk ukun ana gyarawa ba sai an sayi sabuwa ba.

Ka koma wajensa, ko ka nemi wani mai haƙuri, kace a fara da fiyus. A Corolla irin taka akwai ɗan fiyus mai lamba 10 da aka rubuta wa GAUGE, fitilar ribas ma a kansa take, don haka tun a gida ka murɗa makulli ka saka ribas ka sa yaro ya duba maka baya, in ba ta kawo ba to ka kusa kama ɓarawonka. Sannan a auna caji, mota tana aiki batir ya nuna tsakanin 13.5 zuwa 14.5, in ya haura 15 altaneta ce ke zuba wuta fiye da kima kuma ko mita goma ka saka haka zata riƙa cinye su ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan nan a kwance mitar. Aikin ba wani babba bane, a cire kan batir na nagetif da sufana mai lamba 10, a sauke sitiyari ƙasa, a zare baƙar robar da ta zagaye gilashin a hankali don maƙallanta sun sha rana suna karyewa kamar ƙuli-ƙuli, a kwance sukurori a jawo ta a cire soket. Na taɓa tsayawa a kan wani tsohon mai gyaran rediyo a Tudun Wada an kawo masa irin wannan, ya ɗora ta kan cinya ya saka tabarau ya haska ƙafafun soket ɗin da tocilan, sai ga wani siririn zobe kamar gashi ya zagaye dalmar ƙafa biyu, ya ɗiga musu sabuwa shikenan, shayin da aka kawo masa ko hucewa bai yi ba.

To in an duba duka aka ga allon ya ƙone da gaske, sai a canza, ba laifi. Amma kada ka aika saƙo a baki kace "a kawo min mitar Corolla". Ka ɗauki tsohuwar a leda ka tafi da ita, ko nan Sabon Garin Zariya ne ko Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, a bayanta akwai takarda mai lambar kaya, ita za a haɗa da ta wadda zaka saya. Fuska tana ruɗi. Ta otomatik daban ta manuwal daban, mai birkin ABS daban, wata tana da agogon zagayen inji wata babu, kuma soket zai iya shiga daram amma wayoyin ciki ba jeri ɗaya ba. A Toyota da yawa na waɗancan shekarun saƙon gudu ta cikin mita yake bi kafin ya isa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, shi yasa wani zai saka wadda ba tasa ba sai fitilar cek inji ta kama, a saka kwamfuta ta nuna P0500, lambar matsalar saƙon gudu, giya ta fara shiga da wani irin fizga, a koma ana zargin giyabos alhali ba ruwansa. Ka yi sharaɗi da mai kaya tun kafin ka ba da kuɗi cewa in ba ta yi ba zaka dawo da ita.

Ka kuma kula da mil da kilomita. Taka 'yar Amurka manyan lambobinta mil ne, ta Kanada da yawancin na Turai kilomita ne, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori. Wanda idonsa ya saba da 60 a mil yana tafiya kusan 97 ne a kilomita, dab da 100 ɗin da dokar hanya ta yanka wa ƙaramar mota ta gida a titin ekspres, kaga in aka sauya maka ma'auni baka lura ba ai lissafinka ya rikice.

Maganar ƙin tashi kuwa ka kwantar da hankalinka, a Corolla ɗinka sirrin makulli ba a mita yake ba. Lambar tafiya ce gaskiya zata canza, don a cikin wani ɗan ƙaramin cif na jikin mitar ake ajiye ta, wadda ka sayo da tarihin motar da aka ciro ta zata zo. Masu kwamfuta suna iya kwafe lambarka ta asali su zuba a sabuwar, ko a ɗauke cif ɗin a mayar. In hakan bai samu ba ka rubuta ranar da aka canza da lambar tsohuwa da ta sabuwa ka ajiye cikin takardun mota. Nasan akwai masu murna in sabuwar ta zo da ƙaramar lamba, har da masu biya a rage musu ita in zasu sayar, to wannan algus ne Malam, ba shi da maraba da jiƙa hatsi kafin a auna.

Abu ɗaya da bana so ka yi shine ka cigaba da doguwar tafiya a haka. Wani maƙocina gejin zafinsa ya mutu yace ai ya san motarsa, ya kama hanyar Kano, tiyon lagireto ya fashe bai sani ba har sai da inji ya tsaya da kansa wajen Kwanar Dangora, kuɗin da bai so kashewa a mita ba ya kashe ninkinsa a gasket da kan inji, ga kuɗin janwe.

TAMBAYA: Oga barka. Golf 4 nake ja, gilashin mitata ya fashe allura ɗaya ta karye sai na sayo wata aka saka min, tunda aka saka motar sai ta tashi ta mutu nan take, ta tashi ta mutu, an canza famfon mai ba ta daina ba. Yaya zanyi?

Direba daga Muchiya

AMSA: Ayya, famfon nan kam an zalunce shi. Ka murɗa makulli ka duba, zaka ga wata 'yar fitila mai hoton mota da makulli tana ƙiftawa. A yawancin Golf 4 na'urar hana sata a cikin mitar take zaune, ita ce ta san makullinka kuma ita ke ba birenbos izini, to ka kawo baƙuwa ba ta san kowa a gidan ba, shi yasa inji ke kamawa kamar daƙiƙa biyu a kashe shi. Ina fatan baka yar da tsohuwar ba. Mayar da ita zaka ga mota ta tashi, daga nan zaɓi biyu ne, ko a cire gilashi da allurar sabuwar a ɗora wa tsohuwar wanda shine mafi sauƙi tunda allonka lafiyarsa ƙalau, ko ka kai wa mai kwamfutar da ya san Volkswagen ya ciro lambar sirri ya haɗa mita da makulli da birenbos. Masu Fijo 307 ku ma ku ji, taku tana ajiye lambar tafiya a mita da kuma BSI, wato akwatin da ke sarrafa wutar jikin motar, in kuka jona wata mai babbar lamba ko da gwaji ne babbar ce zata zauna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni Vibe gare ni, lambar tafiyarta ta kai 299,999 ta tsaya cak yau sati uku, komai na aiki banda ita. Bakanike yace mitar ta lalace a canza. Haka ne?

Wata malama daga Kongo

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba lalacewa ta yi ba, iyakar ƙirgenta kenan. Sanannen abu ne a Pontiac Vibe da Toyota Matrix da Corolla na 2003 zuwa 2008, da yawansu daga 299,999 basa ƙara ko ɗaya, haka aka tsara su tun daga kamfani. In mil take ƙirgawa motarki ta ci sama da kilomita 480,000, ai sai a jinjina mata. Ni dai ba zan ce ki kashe kuɗi a kan wannan ba. Ki danna ɗan tsinken da ke jikin gilashin zaki ga Trip A da Trip B suna nan suna ƙirga, ki bar B don juyen baƙin mai, duk ranar da aka juye ki rubuta abin da ya nuna a ɗan littafi sannan ki danne tsinken har ya koma sifili. In kuma wata rana zaki sayar da ita sai ki miƙa wa mai saye littafin tare da makulli.