Amsa kan tambayar Kaser da lambobin Google Scholar

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce malamin da ke duba aikinki ya sa ki rubuta babi kan tasirin Georg Kaser a binciken ƙanƙarar tsaunuka, kina tambaya ko yawan takardunsa da yawan ambaton da wasu masana suka yi musu, kamar yadda shafin neman takardun ilimi na Google Scholar ke nunawa, sun wadatar. Wallahi ina karantawa raina ya sosu, don a kan mutumin nan aka ci min mutunci a saminar digiri na biyu.

Ba su wadatar ba. Ki ba lambobin layi biyu ki wuce, gobe ma in kin duba sun canza. Babban abin da aka san Kaser da shi ba ya cikin wannan lissafin. Rahoton IPCC (kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi) na 2007 ya ce ƙanƙarar Himalaya na iya ƙarewa kafin 2035. Kaser yana cikin marubutan wani sashe na rahoton, amma ya fito ya ce sam hakan ba zai yiwu ba, kuma a Janairun 2010 kwamitin ya amsa kuskurensa. Ina Google Scholar zai nuna miki wannan?

A kan wannan maganar aka yi min abin da aka yi. Wani babban malami da aka gayyato daga waje, ban kai rabin bayanina ba ya tare ni, wai me ya haɗa ɗan Sahel da ƙanƙara, ko na taɓa ganinta in ba a firji ba. Ɗalibai suka fashe da dariya. Sai ya ɗauko zancen 2035 ɗin, wai ai an kama masu binciken ƙanƙara da ƙarya, duk bakinsu ɗaya. Na buɗe baki zan ce ai shi wanda nake magana a kansa yana cikin waɗanda suka tona kuskuren, ya ɗaga min hannu. Tambayarsa guda ce: sau nawa aka ambaci mutumin? Ko takarda ɗaya ta Kaser bai taɓa buɗewa ba, na ga hakan a fuskarsa. Abin da ya fi yi min ciwo shi ne malamina, wanda muka kwana a kan babin nan tare, yana zaune yana latsa waya, bai ce uffan ba. Har yau in na tuna sai na ji abu ya tokare min ƙirji. Na bar su da Allah.

Ki nemi rigimar ƙanƙarar dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, nan naman yake. A 2002 Lonnie Thompson na Amurka da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science cewa kusan kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar dutsen ta tafi tsakanin 1912 da 2000, suka yi hasashen ƙarewarta tsakanin 2015 da 2020. A 2004 Kaser da nasa mutanen suka ce ba zafin iska kaɗai ba ne, tunda a kan ƙololuwar dutsen sanyi ba ya barin ruwa ya zauna. Bushewar da gabashin Afirka ya shiga tun ƙarshen ƙarni na 19 ce ta rage zubar dusar ƙanƙara, rana kuma na cin bangon ƙanƙarar, wata ma tana zama tururi kai tsaye ba ta bi ta ruwa ba. Amma ki kula, masu musun sauyin yanayi sun yi ta jan maganarsa zuwa inda bai kai ta ba. Kada wani ya maƙala miki wannan a zauren jarrabawa.

Akwai kuma takardarsa ta 2010 a mujallar PNAS tare da Ben Marzeion, wadda ta nuna ruwan narkakkiyar ƙanƙara ya fi muhimmanci a busassun wurare irin yankin tafkin Aral fiye da inda damina ke da ƙarfi. Wannan ni ta fi burge ni, mu da muka san darajar ruwan rani.

Kada ki manta asalinsa ɗan tsaunukan Alps ne, jami'arsa ta Innsbruck a Ostiriya tun farkon shekarun 1950 take auna ƙanƙarar Hintereisferner shekara bayan shekara. Daga can ya ɗauki hanyar awon ya kai Peru da Tanzaniya. Ki duba su wa suka yi aiki a ƙarƙashinsa, irin su Thomas Mölg, da inda suke yanzu. Wannan ma tasiri ne.

Takardun da aka kulle da kuɗi kuwa, ki aika wa marubutan imel, da yawansu suna turowa. Sannan don Allah ki binciki su wa za su zauna a saminarki tun da wuri, kuma ki tambayi malaminki ƙarara ko zai tsaya miki. In kin haɗa babin ki turo min ta akwatin sirri in duba miki kafin ki miƙa.