Amsa ga Kawu kan allon da ke bangon falona

Kawu Allah ya ja da rai, kun tambaya wai mene ne wancan allon mai jirgin ruwa da tauraro a falona, har wasu a gida na cewa ko na fara rataye kayan coci. Tambarin gidan su matata ne, wallahi ba abin bauta ba ne.

Su 'yan Akadi ne, masu jin Faransanci a nan gabashin Kanada. A 1755 Turawan Ingila suka loda su a jiragen ruwa suka watsa su duniya, da yawa suka mutu a hanya, waɗanda suka dawo kuma suka tarar an ba wasu gonakinsu, dole suka zauna bakin teku suka koma kamun kifi, to kun ga inda jirgin ya samo asali. Tauraron rawaya daga tutarsu yake, irin ta Faransa ce aka ƙara mata tauraro a 1884 a taron da suka yi a garin Miscouche. Ba zan ɓoye muku ba, Nana Maryam suke nufi da shi, a wajensu ita ke yi wa masunta jagora. Wannan aƙidarsu ce ba tawa ba. A gidana matsayinsa ɗaya da tsagar gado da ke fuskar marigayi Baba, shaidar asali kawai.

Surukina masunci ne a garin Caraquet, tafin hannunsa duk kanta saboda jan igiyar tarkon lobsta, wani irin babban jatan lande na teku. Shi ya sassaƙa allon da katakon tsohon jirginsa, ya sa anka a ƙasa, wato ƙarfen tsayar da jirgi, ya kawo ranar sunan babbar 'yata idonsa cike da hawaye. Ku gaya min Kawu, mayar masa zan yi?

Abin da ke min ciwo shi ne masu cewa yarana sun ɓace. E ranar 15 ga Agusta, ranar bikin 'yan Akadi, suna bin dangin uwarsu a buga tukwane a titi, amma yaran nan suna durƙusawa su gaishe ni, suna cin tuwo da miyar kuka, Juma'a muna masallaci a Moncton ko da ƙanƙara ta kai gwiwa. Hausarsu akwai gargada ban musa ba. Kowa ya hango allo a hoto ya yi ta magana, amma ba wanda ya bugo ya tambayi inda yarinyar ta kai a karatu, ga ta nan ta kusa gama izu biyu.