Kafin ka zargi PCSX2, ka gwada katin memorin nan tukuna

Wallahi ɗan'uwa, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don abin da ka kwatanta shi ya same ni. Ka ce a Legion Go ɗinka, na'urar wasan nan ta hannu, wasannin PS2 da ka fara kwafa suna tashi lafiya a PCSX2, manhajar da ke kunna su, waɗanda ka ƙara daga baya kuwa sai baƙin allo, ga wani save ya ƙi buɗuwa. Kar ka taɓa saitin komai tukuna. Ni katin memorin microSD ɗin nake zargi.

Wani mai sayarwa a intanet ne ya cuce ni. An rubuta 512GB a jikin katin, kwali tsaf, na'ura ma ta nuna haka. Ashe cikinsa 32GB ne, an yi masa dabara yana faɗin ƙarya. Irin wannan katin ba ya cewa ya cika. Duk abin da ka zuba zai karɓa, sunayen fayiloli na nan reras, amma da ya wuce iyakarsa sai ya riƙa taka tsoho da sabo, ko ya watsar. Shi ya sa na baya suke mutuwa.

Ni save ɗin Final Fantasy X ya cinye min. Wasan da ban taɓa ƙarasawa ba tun ina yaro, na lallaɓa har na isa Zanarkand, ga wahalar blitzball da na sha. Na kunna da daddare, wasan ya ce ba komai a katin. Na kashe, na kunna, na sake kashewa. Fayil ɗin Mcd001.ps2, wanda PCSX2 ke amfani da shi a matsayin katin save na PS2, yana nan da girmansa 8MB cif, amma ciki shara ce. Na daɗe zaune da na'urar a cinya, fanka na ta hurawa, na rasa abin yi. Da na yi wa mutumin magana sai cewa ya yi wai ni na lalata shi wajen format. Daga nan ya daina amsawa, ana nan sai ga hotunan kayansa a ƙarƙashin wani sunan. Allah ya isa, ban yafe ba.

To, kwashe abin da ya rage ka ajiye a wani wuri, ka share katin, ka sa masa H2testw, manhajar gwada ainihin girman kati, tunda Windows gare ka. Zai cika shi dam ya karanto, yana cin sa'o'i, ka bar shi a caji. Masu Linux F3 ne nasu.

Kuma don Allah ka mayar da folda ta memcards, inda save ɗinka suke, cikin SSD na na'urar, kana kwafe ta lokaci-lokaci. Kar ka dogara da save state kaɗai, wato ajiyar da PCSX2 ke yi da kansa ba ta cikin wasan ba, sabunta PCSX2 kan sa tsofaffin su ƙi buɗuwa. Yi save a cikin wasan kamar yadda muke yi a da.

Idan katin ya fito lafiya, sai ka duba BIOS, wato fayil ɗin tsarin PS2 da PCSX2 ke buƙata, ko da yake da shi ne da ko na farkon ba za su tashi ba. Dolphin da PPSSPP, manhajojin wasannin GameCube da PSP, ba ruwansu da wannan, PS1 da PS2 ne ke buƙata. Ka kuma mai da fayilolin wasa na ISO zuwa CHD, wato matsattsen tsari, yana rage wuri sosai kuma PCSX2 na karanta shi kai tsaye.

Tunda na tuna, ka lura da bugun da kake da shi. Na Turai, wato PAL, 50Hz yake tafiya, na Amurka da Japan 60Hz. Final Fantasy X na Turai a hankali yake tafiya, ga baƙin gefe sama da ƙasa, mutane sai su ɗauka na'urarsu ce ta gaza su yi ta ƙara wuta a banza. Batun wuta ma, wasan Sega ko Super Nintendo ba ya buƙatar watt 20, sauke shi ƙasa batir ya huta. A PS2 ninki 3 na ingancin hoto ya ishe ka, kar allon 2560x1600 ya ruɗe ka.

Idan gwajin ya ƙare ka turo hoton sakamakon mu gani, musamman layin da ke nuna yawan abin da ya ɓace. Kuma kar ka jefar da kwalin, za ka buƙace shi wajen neman a mayar maka da kuɗinka.