Me ya sa gidan Las Vegas ya faɗi warwas, na Dallas bai faɗi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin cewa a 2008 farashin gidaje ya karye a Amurka. To amma wani ya ce min akwai garuruwan da gida ya koma rabin kuɗinsa, akwai kuma waɗanda abin bai taɓa su sosai ba. Ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya, bankuna ɗaya, me ya kawo wannan bambanci?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiya aka gaya maka, bambancin ma ya wuce yadda mutane suke zato. Ma'aunin Case-Shiller, wanda ke bin gida ɗaya daga ciniki zuwa ciniki, ya nuna cewa daga 2006 zuwa farkon 2012 farashi ya sauka da kusan kashi 27 cikin ɗari a ƙasar baki ɗaya. Sai dai a Las Vegas ya sauka da sama da kashi 60, a Phoenix sama da 55, a Miami kusan rabi. A Dallas kuwa bai wuce kashi goma da ɗoriya ba.

Abu na farko, a dubi inda farashin ya hau kafin ya faɗo. Gidan da ake sayarwa dala 100,000 a Miami a shekarar 2000 ya kai wajen 280,000 a 2006. A Las Vegas da Phoenix ya ninka har da ƙari. Albashin mutane bai ninka ba, kuɗin haya ma bai ninka ba. Bashi ne ya ɗaga farashin. Bankuna suna ba da rancen gida ba tare da bincikar samun mai karɓa ba, wani rancen ma kuɗin ruwansa kaɗan ne na shekara biyu, daga nan ya yi tsalle. Da yawa sun sayi gida biyu ko uku ba don su zauna ba, sai don su sayar bayan 'yan watanni. Jihohi huɗu ne abin ya fi ƙamari: Arizona (inda Phoenix take), Kalifoniya, Fulorida (inda Miami take) da Nebada (inda Las Vegas take). A Dallas, gidan 100,000 ɗin nan bai wuce 126,000 ba a ganiyarsa.

Amma wannan kaɗai bai isa bayani ba, kuma a nan ne yawancin masu sharhi suke tsayawa. Ɗauki Detroit. Hawan da farashi ya yi a can kusan daidai yake da na Dallas, amma ya faɗi da kusan rabi. Detroit garin ƙera motoci ne, kuma a 2009 kamfanonin General Motors da Chrysler duk suka shiga kotun karayar arziki. Garin da ke da mutum miliyan 1.8 a 1950 ya koma wajen 714,000 a 2010. Gidaje suna nan tsaye, masu shiga ne babu. Ita kuwa jihar Teksas, inda Dallas take, mutane shigowa suke yi, ga man fetur, wanda jihar ke haƙowa, ya kai dala 147 ganga a tsakiyar 2008.

Abin da muke so ka riƙe shi ne: ba mai son sayarwa ne ke karya farashi ba, wanda ya zama dole ya sayar ne. Ga lissafin. Mutum ya sayi gida dala 300,000 a Las Vegas, ya ba da kafin alƙalami 15,000, banki ya cika 285,000. Farashi ya koma rabi, gida ya zama na 150,000, bashi yana nan kusan yadda yake. Ko ya sayar, ana bin sa 135,000. Idan kuma aikinsa na gini ne ko na otal, aikin ma ya tafi, domin rashin aiki a Nebada ya kai wajen kashi 14 a 2010. Sai ya daina biya, banki ya karɓe gida ya yi gwanjonsa. Masu ƙiyasta kuɗin gida kuwa da cinikin baya-bayan nan na unguwa suke auna na maƙwabci, don haka gwanjo uku a layi ɗaya sun isa su ja farashin sauran gidajen ƙasa, wasu mutanen su ma su faɗa ramin. An kai lokacin da sama da kashi 60 na masu rancen gida a Nebada bashinsu ya fi ƙimar gidan.

Doka ma ta taka rawa. Tsarin mulkin Teksas ya hana mutum ciwo sabon bashi a kan gidan da yake zaune idan jimillar bashin za ta wuce kashi 80 na ƙimarsa. Wanda yake da kashi 20 nasa, saukar kashi 11 irin ta Dallas ba za ta nutsar da shi ba, zai zauna ya jira. A Arizona da Kalifoniya kuwa, a yawancin rancen sayen gida, idan banki ya karɓe gidan ba zai bi mutum cikon kuɗi ba, saboda haka miƙa makulli ya zo wa mutane da sauƙi. A Fulorida dole banki ya bi ta kotu, shari'o'i suka taru, gidaje suka daɗe a rufe.

Ko a yanki ɗaya ba a sha wuya daidai ba. Garuruwan nesa irin su Stockton a Kalifoniya, inda masu ƙaramin ƙarfi suka je neman gida mai araha da bashi mai tsada, sun fi tsakiyar San Francisco faɗuwa nesa ba kusa ba. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damun mu, domin waɗanda suka shigo kasuwar a ƙarshe, da ɗan abin da suka tara, su suka fi asara.

Idan kana so ka auna wani gari da kanka, raba kuɗin gida da kuɗin hayarsa na shekara, ka kwatanta da yadda yake shekara biyar baya. Ka tambayi dillalai wata nawa gida ke yi kafin ya samu mai saye. A Amurka, idan gidajen da ke kasuwa sun fi ƙarfin cinikin wata shida, ana ɗauka kasuwa ta koma hannun masu saye. Sannan ka bincika sana'a nawa ke riƙe da garin.

A Najeriya mafi yawan gidaje da kuɗi hannu ake sayensu, banki ba ya tsaye a kan mai gida, don haka da wuya ka ji an rage farashi a naira. Kasuwa ce kawai take yin shiru, allon sayarwa ya shekara a jikin katanga. Raguwar tana ɓuya a darajar kuɗi: dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023, ta kai wajen 1,500 a 2024. Gidan da ya tashi daga miliyan 50 zuwa 80 a tsakanin nan, a dala ya sauka ne daga kusan 109,000 zuwa 53,000.